Yadda A Ke Gane Irin 'Yan Tsakin Kanti

Wannan takarda an yi ta domin manoma, da dagatai, da masu unguwanni, da kowane mai karatu wanda zai iya tara maƙwabtansa ya karanta musu. Maganar da ke cikinta ta 'yan tsaki ce, amma ba waɗanda kaza ta ƙyanƙyashe a akurki ba. Waɗanda mu ke nufi su ne na kwali, da a ke sayowa a kanti ko a kasuwa suna da kwana ɗaya ko biyu a duniya.

Ɗan tsakon gida ba ya bukatar bincike. Ka san uwarsa, ka san zakaran da ke cara a gidan, saboda haka ka san abin da zai zama. Na kwali kuwa ba shi da uwa sai inji. Yawancinsu daga ƙasar Ibadan a ke kawo su, su kwana a mota, su bi hannu biyu ko uku kafin su iso naka. Mai kanti ya kan faɗi abin da aka faɗa masa. Mai talla a bakin tasha kuwa, wani lokaci abin da ya ga kana so ka ji shi zai faɗa maka, gobe kuma ba za ka same shi a wurin ba. Wanda ya ba da kuɗinsa bai duba ba, ya yi cinikin biri a sama.

IRI NAWA NE?

Kajin kwali, ko da ya ke sunayensu suna da yawa, aikinsu iri uku ne. Akwai na nama, waɗanda a ke kira buroila. Farare ne, ba su san kome ba sai ci, cikin mako 6 ko 7 sun isa yanka. A jikin kwalinsu a kan ga suna kamar Cobb 500, ko Ross 308, ko Arbor Acres. Akwai na ƙwai, watau leya, jajaye ko baƙaƙe, kamar ISA Brown da Lohmann Brown da Harco. Waɗannan su kan fara ƙwai suna da mako 18 zuwa 20, in kuwa sun sami abinci sosai kowace ta kan yi ƙwai wajen 300 a shekara, alhali kazar gida da ƙyar ta ke wuce 60. Sa'an nan akwai na tsakiya, masu nama da ƙwai daidai gwargwado, waɗanda ke iya fita tsakar gida su yi tono kamar kajinmu. Noila na cikin waɗannan.

Amma akwai na huɗu, shi ne kuwa ya sa aka rubuta wannan takarda. Ku sani, in aka zuba ƙwai ɗari na kajin ƙwai a inji, kusan rabin abin da zai fito maza ne. Mai gidan ƙyanƙyasa mata ya ke nema. Mazan ba su da ƙwai, ba su kuma da saurin nama, don haka a kan sayar da su da araha ƙwarai. Babu laifi ga sayensu in mutum ya san abin da ya saya. Suna da ƙarfin jiki, suna kiwo da kansu, namansu yana da tauri irin wanda mutanenmu ke so. Sai dai su kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin su isa kasuwa. Laifin shi ne a sayar maka da su a kan kuɗin buroila. Ka ƙididdige mako shida kafin Salla, ka sayi abinci mai tsada, ranar Salla ta zo, ka duba ɗaki ka ga 'yan zakaru suna tsalle, kowane bai wuce rabin kilo da 'yan kai ba. Haka kuma wanda ya sayi mata domin ƙwai. Kowace sagara ta kan ci kilo 6 ko 7 na abinci kafin ta ba ka ƙwan fari. In aka cakuɗa maka da maza, ka ciyar da bakin da ba zai biya ka ba.

ABIN DA LAUNI KE FAƊA

Kajin ƙwai su ne masu sauƙin ganewa, domin masu haɗa irinsu da gangan suka shirya haka. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a nan 'ya mace ce ke gadon uba, ɗa namiji ya gaji uwa. Dalili kuwa, akwai waɗansu halayen gado da kaza ba ta iya ba 'ya'yanta mata, sai maza kaɗai. Wani malamin Jami'ar Kambirij a Ingila, mai suna Punnett, yana cikin waɗanda suka bayyana wa masu kiwo amfanin wannan a shekarun 1920.

Ga yadda abin ya ke. A kan ɗauki jan zakara, daga zuriyar Rhode Island Red ta Amurka, a haɗa shi da farar kaza ta wani iri da aka zaɓa. 'Ya'ya mata duk su fito ja-ja, launin ƙasa-ƙasa, wata da ɗan zane a baya. Maza kuwa su fito fari-fari, ruwan ƙwai mai haske. To, in ka ce kana son jajayen leya, aka buɗe kwali ka ga farare a ciki, maza ne, kome rantsuwar mai sayarwa.

Baƙaƙen leya kuma wata hanya ce. Ubansu jan zakara ne, uwarsu kuwa Barred Plymouth Rock, kaza wake-wake mai ratsin baƙi da fari. 'Ya'yan duka baƙaƙe su ke fitowa, amma ka dubi tsakiyar kai. Wanda ke da ɗigon fari a ka namiji ne, in ya girma zai zama wake-wake kamar uwarsa. Wadda kanta ya ke baƙi wuluk, mace ce, za ta girma baƙa da ɗan ja a wuya da ƙirji. Kada ka yarda da duban na sama kaɗai. Ka sa hannu ka ɗaga na kusurwa ɗaya ɗaya, a wurin da akwai haske.

'Yan tsakin da aka rina kore ko shuɗi ko ja domin yara, ba su bukatar dogon bayani. Ba wanda ke rina tsako mai tsada.

INDA WUYA TA KE

Wuyar duka tana tsakanin buroila da farin namijin leya, gama a rana ta fari launinsu kusan ɗaya ne. Nauyi ma ba ya raba su a ranar, domin kowane tsako ya kan zo da giram 35 zuwa 45, bisa ga girman ƙwan da ya fito ciki. Kama da wane kuwa ba wane ba ce.

Ka fara da ƙafa. Ta buroila kakkaura ce, gajera, in ya tsaya ya kan buɗe ƙafafu kamar ɗan kokawa. Ta namijin leya siririya ce, ta fi tsawo bisa ga jikinsa. Sa'an nan ka ɗauke shi a tafin hannu. Buroila ya kan cika hannu, jikinsa a dunƙule, bayansa da fāɗi. Ɗayan kuwa jikinsa a tsuke ya ke, sau da yawa kuma in ka duba da kyau za ka ga ɗan dishi-dishin ja a bayansa ko a ƙeya, gadon ubansa ke nan da bai ɓuya duka ba. Ka kuma lura da halinsu. In ka barbaɗa ɗan abinci, buroila ya kan faɗa masa, ya ci, ya kwanta nan kusa. Namijin leya ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin guje-guje ya ke.

Amma fa gaskiya ita ce, ko tsofaffin masu kiwo su kan yi kuskure a wannan rana. Alamun nan na taimako ne, ba hukunci ba ne. Hukunci na sikeli ne.

GWAJIN KWANA BAKWAI

Wannan shi ne abin da mu ke so kowa ya riƙe, ko ya manta da sauran. Ran da 'yan tsaki suka cika kwana bakwai a hannunka, ka kama goma ba tare da zaɓe ba, ka sa su a ƙaramin kwali, ka auna a sikelin mai shago ko na mahauci. Bayan haka ka auna kwalin shi kaɗai ka cire nauyinsa.

Buroila na gaske, in ya sami ɗumi da abinci da ruwa yadda ya kamata, ya kan ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye a makon fari. Watau goma za su kai kilo ɗaya da rabi zuwa kilo 2. Mazan leya goma kuwa ba za su kai kilo ɗaya ba, yawanci giram 600 zuwa 800 ne. Wannan rata ba mai ɓuya ba ce. Ko buhun abinci zai ba ka shaida, domin buroila ya kan ci kusan ninki biyu na abin da ɗayan ke ci a wannan mako.

Lalle ne a faɗi wani abu a nan, don kada a zalunci mai kanti. Buroilan da suka sha sanyi da dare, ko aka ba su dusa zalla, ko ciwo ya kama su, su ma su kan tsumbure. Saboda haka in sikeli ya ba ka shakka, ka jira mako na uku ka dubi jiki. A lokacin buroila ya kusa kilo ɗaya in kiwo ya yi kyau. Namansa ya fi gashinsa sauri, sai ka ga jar fata a fili a ƙirji da ƙarƙashin fiffike, ƙirjin ya cika ta kowane gefen ƙashi, tafiyarsa da rangaji. Ko wanda ya tsumbure, ƙirar jikinsa tana nan. Namijin leya mai mako uku bai fi giram 200 da kaɗan ba, gashi ya rufe shi sumul, wutsiya ta miƙe, ƙashin ƙirji a tsaye kamar wuƙa, yana tashi ya hau bakin kaskon ruwa. Kafin mako na biyar zankonsa, wanda waɗansu ke kira tsoro, ya tashi ya yi ja.

In ka gane tun a kwana bakwai, hasararka kaɗan ce. Kana iya komawa ga wanda ya sayar maka da shaida a hannu, in kuwa bai samu ba, ka daina ba su abincin buroila, ka mai da su kiwon tsakar gida, ka sake lissafi.

DUBAN FIFFIKE

Za ku ji waɗansu suna cewa da fiffike a ke gane mace da namiji. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ga kowane tsako ba. In ka buɗe fiffiken tsako mai kwana ɗaya, za ka ga jeri biyu na 'yan gashi a bakinsa. A irin da aka haɗa domin wannan, mace jerinta na ƙasa ya fi na sama tsawo, sai ka ga dogo da gajere, dogo da gajere. Namiji kuwa duk tsawonsu ɗaya, ko na sama ya ɗara. Bayan kwana biyu ko uku alamar ta ɓace. A kajin gida da sauran irin da ba a shirya haka ba, wannan dubawa ba ta da amfani ko kaɗan.

Akwai kuma duban dubura, wanda mutanen Japan suka ƙware a kansa tun shekarun 1920. Sana'a ce da a ke koyo wata da watanni. Kada manomi ya gwada, gama matsa cikin tsako ba bisa sani ba ya kan kashe shi. Maganar a rataye tsako da ƙafa, ko a reta allura a kansa a ga inda za ta juya, wannan tatsuniya ce.

MASU LAUNI BARKATAI

In ka buɗe kwali ka ga baƙi da ja da fari da mai zane duk a haɗe, girmansu kuwa ɗaya, ƙafafunsu kaurara, to mai yiwuwa irin na tsakiya ne. Noila daga Awe ta ƙasar Oyo aka fito da ita. Akwai kuma FUNAAB Alpha, wadda Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta ta haɗa, aka yi mata rajista a 2018, da Kuroiler ta Indiya, da Sasso ta Faransa. Waɗannan launinsu ba ya nuna mace ko namiji, a haɗe a ke sayar da su, sai ka sa ran rabi da rabi. A sikeli su kan faɗa tsakani: sun fi leya, ba su kai buroila ba. Hatsarin da ke nan shi ne a cusa maka baƙaƙen mazan leya masu ɗigo a ka a ce noila ne. In kwalin duka baƙi ne, kowane kuma da farin ɗigo, ka yi hattara.

Muna da tamu kazar ƙwai a nan Arewa, Shika Brown, wadda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta haɗa, aka yi mata rajista a 2000. Ja ce, an zaɓe ta domin jure zafin ƙasarmu. Da ido ba za ka raba tsakonta da na sauran jajayen leya ba, sai da takarda.

Tsakon kajin gida ya fi waɗannan duka ƙanƙanta, sau da yawa da zane biyu ko uku a gadon baya. Durgu tun yana tsako a kan ga gajartar ƙafarsa, mai wuya ba gashi shi ma da abinsa ya ke fitowa, fingi kuwa sai gashin fiffike ya fara tsiro sa'an nan a ga yana murɗewa. Masu sha'awar kajin ado kuma su lura: Brahma, babbar kazar nan mai tsada, tun ran da aka ƙyanƙyashe ta akwai gashi a ƙwaurinta har zuwa yatsa. Tsakon da ƙafarsa ta ke sumul ba Brahma ba ne.

BAYAN SUN YI GASHI

Daga mako 6 zuwa 8 gashin haihuwa ya kan kaɗe, na gaskiya ya bayyana, a nan ne a ke gane tsofaffin irin Turai da har yanzu a kan samu jefi-jefi. Rhode Island Red ja ce mai duhu, wutsiya baƙa, ƙafa rawaya. Light Sussex ta Ingila fara ce da baƙin zane a wuya da baƙar wutsiya, ƙafarta fara. Australorp baƙa ce mai sheƙin kore, ƙafa baƙa, tana tsako cikinta fari-fari. White Leghorn, wadda asalinta daga Italiya ne, fara ce 'yar siririya mai babban zanko da yawan firgita. Ka dubi fatar da ke ƙarƙashin kunne. In fara ce, kamar ta Leghorn, yawanci farin ƙwai kazar za ta yi, in ja ce ƙwan zai zo ruwan ƙasa. Mun ce yawanci, domin a kan sami masu saɓawa.

A irin da launi bai raba mace da namiji ba, zanko ke fara tona asiri. Tsakanin mako 4 da 6 na namiji ya kan girma ya yi ja, leɓen da ke reto ƙarƙashin baki ya fito, na mace kuwa yana nan ƙarami, fari-fari, har sai ta kusa fara ƙwai. Wajen wata uku zuwa huɗu gashin wuya da na gindin wutsiyar namiji ya kan yi tsini da sheƙi, na mace bakinsa a zagaye. Daga nan sai cara, wadda ba ta bukatar malami.

KADA A ƊAUKI IRI DAGA GARE SU

Duk maganar launi da muka yi a sama, a kan haɗin fari kaɗai ta ke aiki. In ka ajiye jar leya da farin ɗan'uwanta, ka sa ƙwansu ƙarƙashin kazar gida, 'ya'yan za su fito da ja da fari a maza da mata duka, ƙwansu kuma ba zai kai na uwarsu ba. Haka in aka juya haɗin, aka sa farin zakara a kan jar kaza, launi ba zai raba kome ba. Saboda haka tsakon da wani ya ƙyanƙyashe a ƙaramin injinsa a gari daga ƙwan irin waɗannan kaji, ko ya yi ja kamar me, jansa ba shaidar mace ba ce. Ka tambayi inda aka ƙyanƙyashe shi kafin ka dogara ga launi. Kajin ƙwai na kwali ma ba safai su ke kwanci ba, an riga an cire musu wannan hali wajen zaɓen iri.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Kwali ɗaya tsaki 50 ya kan ɗauka, mutumin ƙauye kuwa sau da yawa goma ko ashirin ya ke so. Wannan ya sa ya ke faɗawa hannun masu sayar da ɗai-ɗai daga kwalin da aka riga aka buɗe, a nan kuwa cakuɗa ta fi yawa. Abin da ya fi, dagaci ya tara masu bukata, su haɗa kuɗi, su sayi cikakken kwali a rufe daga kantin da aka san mai shi da wurin zamansa. A aiki mutum ɗaya mai ido, in da hali ya tafi tare da malamin gona. Ya karanta abin da ke jikin kwali, sunan gidan ƙyanƙyasa da irin kajin, ya tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu. Ya sa mai kanti ya rubuta iri da adadi da kwanan wata a rasit da hannunsa. Wanda ya ƙi rubuta sunan iri a takarda, a bar masa kayansa.

In an raba tsakin, kada a jefar da kwali, a ajiye shi tare da rasit a gidan mai unguwa. Ran kwana bakwai kowa ya kawo nasa a auna a sikeli ɗaya, malami ya rubuta nauyin a littafi da sunan kantin da aka saya. In na gida ɗaya kaɗai suka gaza, a dubi kiwon wannan gida. In na kowa suka gaza, a ɗauki littafin da rasit da kwali a koma kanti.